Minnar Laka da Ɗakin Gwaggo

Zuwa ga Malam Sanda, mai Filin Shawara.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, Malam, don girman Allah ka taimake ni, domin na faɗa cikin wani abu wanda ko sunansa ban sani ba. Da faɗa na yi da mace, da na san yadda ake shiryawa. Da gulma na yi aka kama ni, da na san ta inda zan fara ba da haƙuri. To ni ban buɗe baki ba, ban zagi uwar kowa ba, laka kawai na kwaɓa, ga shi unguwa guda ta juya mini baya, aminiyata ta shekara da shekaru kuma ta daina amsa sallamata. Ka yi haƙuri da rubutun, bara waccan na shiga ajin Yaƙi da Jahilci na mata, hannun bai gama faɗawa ba.

Ni mai kitso ce a nan Minna, a wata unguwa da ke bakin dogo, inda in jirgin Baro ya yi kuka sai kwanuka su amsa a ɗaki. Maigidana kafinta ne a Loko, wato ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa, ya yi ta gyaran taragu har furfura ta cim masa, aka sallame shi da fansho. Da wani Baturen injiniya da ya yi aiki a ƙarƙashinsa zai koma ƙasarsu, sai ya ba shi akwati. Ni har na fara murna, na zaci bargo ne ko tangaran. Da aka buɗe, me zan gani? Kan jirgi ne ɗan mitsitsi wanda bai wuce tafin hannu ba, da 'yan taragunsa, da guntayen dogo da ake harhaɗawa. Ana murɗa masa makulli a gefe kamar agogon bango, a ajiye shi, sai ya kwasa a guje.

Malam, ranar na yi dariya har da riƙe ciki. Dattijo da gemu ya durƙusa a tsakar gida yana bin abin wasan yara da ido, kaji na tserewa! Na ce masa ashe fanshon da ƙuruciya aka haɗo masa shi. Bai kula ni ba. Ya ce a ƙasar Turawa manyan mutane ne ke yin wannan, har ɗaki guda suke ware masa, su gina gari sukutum jirgin ya riƙa ratsawa. Kwana kaɗan ya kwashe tarkacen shagon da ke jikin zaurenmu, ya haɗa wani faffaɗan tebur gajere, iya gwiwa, don ya riƙa aiki a zaune a kan kujera 'yar tsugunno. Ya ɗauki gawayi ya zana layin da ya taho daga Zungeru, da wanda ya nufi Kaduna, da inda na Baro ya rabu. Ya gina tasha da katakon akwatin shayi, ya yi tankin ruwa da gwangwanin madara, ya yi gada da gwangwala, ya ɗebo ƙasar suri ya tara ta zama dutsen Paida. Har kwal na gaske ya samo ya daka don ya yi tsibin da jirgi ke ɗiba, kuma a turmin daddawata ya daka shi, abin da har yau ban yafe ba.

Ni kallo nake yi ina tsokana, sai da ya zo kan gidajen mutane. Ya sassaƙa su da katako, suka fito kamar akurkin kaji. Na ce masa gidan Bahaushe ba a yanka shi da zarto, kwaɓa shi ake yi. Ya ce in na iya in zo in yi. To ka san mace da zuciya. Na sayo yumɓu wajen matan Gwari masu tukwane da ke zuwa daga wajen Tagwai, na gina ɗaki guda na kawo masa ina taƙama. Ya ɗauki kan jirgin ya tura ta ƙofar ɗakin ya shige har da bututun hayaƙinsa. Ranar shi ya rama dariya. Daga nan ya gutsure tsinken ashana, ya gwada shi da ƙofar tarago, ya ce wannan shi ne tsawon mutum a garin nan, duk abin da zan gina in auna da shi: ƙofa ta ɗan fi shi, katanga ta shanye kansa, turmi ya tsaya masa a cinya. Ran Lahadi aka yanke shi, shi ya sa muke kiransa Ɗanladi. Yana nan a gwangwanin taba, in ya ɓace gidan nan ba mai cin tuwo sai an gan shi.

Ban san lokacin da abin ya shiga raina ba. Na gano in na haɗa yumɓun da garin ƙaiƙayi ba ya tsagewa. Na gano zaren buhu in an tsefe shi jinka yake zama, tsohuwar tabarma in an yayyanka ta zana ce, ƙwallon magarya in an rarake shi randa ne. Da gashin kaza nake shafa wa bango makuba. Sai in gama kitso in wanke hannu in nufi shago, mu zauna ni da shi, yana ƙwanƙwasa gadarsa ina murza lakata. Tun da aka kawo ni gidan nan ba mu taɓa yin yini guda muna aiki ɗaya ba sai a kan teburin nan. Har Sarkin Magina yake kirana. Ba zan ɓoye maka ba, daɗi nake ji.

Doka ɗaya ya kafa: abin da ke Minna shi ne zai hau tebur, ba ƙari ba ragi. Ya ce mutumin reluwe ba ya ƙarya a awo, don ƙaryar awo ita ke kayar da jirgi. Shi ya bi unguwa yana duba tsawon katangu da inda kowane lungu ya karya. Amma saninsa a zaure ya tsaya, kamar na kowane namiji. Abin da ke bayan zaure ni na san shi. Mai kitso ba gidan da ba ta shiga, kuma ido ba mudu ba ya san kima. Na san inda rijiyar kowa take, da inda ake ɗaure akuya, da wadda murhunta ke fuskantar gabas. Sai na riƙa zubawa yadda na sani. Namu gidan na fara yi, ya fito tsaf, sai dai gwafar da ta tokare bangon madafarmu ban sa ta ba, don za ta ɓata fasali. Daga nan na bi layi gida gida har na iso na Lauratu.

Lauratu ita ce aminiyar da nake faɗa maka. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ranar da aka kawo ni garin nan ban san kowa ba, ita ta fara leƙo ni da ƙwaryar fura. Ita ta riƙe ni a haihuwata ta fari, ita ta zauna da ni da Allah ya karɓi abinsa. Mijinta Malam Barau fatauci yake yi tsakanin nan da Kagara, mutum ne mai son a gan shi fes, zaurensa ma har zane aka yi masa a goshi, duk layin ba kamarsa. A cikin gidan akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta raine shi. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni. Jinkar ɗakinta ta rufta ta gefe guda tun daminar bara, aka yafa tsohuwar tabarma da fallen garwa aka danne da duwatsu, wai kafin a gyara. Lauratu ta yi magana ta gaji, kullum sai ya ce in ya dawo daga Kagara. Ta sha gaya mini wannan tana hawaye, kanta a kan cinyata ina mata kitso.

Wallahi, Malam, duk gidajen nan ba wanda na yi wa aiki da ƙauna kamar nata. So nake in kira ta ta gani ta yi mamaki. Na yi zanen zauren da bakin allura. Na yi bishiyar gwandarta, na yi igiyar shanya. Da na zo ɗakin Gwaggo, hannuna ya yi abin da idona ya sani: na karya jinkar ta gefe, na yafa ɗan ƙyalle, na yanko gwangwani na ɗora, na danne da tsakuwa. Har sandarta na jingine a bakin ƙofa da ƙayar aduwa, da 'yar butarta. Ko kaɗan ban kawo komai a raina ba. Ni dai na ga ya yi kama, na ji daɗi.

Ran Sallah ƙarama da la'asar, ban sani ba ashe maigida ya gayyato tsofaffin abokan aikinsa da maƙwabta su zo su ga jirgi. Shago ya cika da manyan riguna. Ina bayan ƙofa ina jin su. Aka murɗa makulli, jirgi ya fita daga tasha, ya haye gada, aka yi ta salati ana tafi. Sai suka sunkuya suka fara neman gidajensu. Kowa ya ƙirga daga masallaci ya gane nasa, ana ta raha. Can sai wani tsohon mai zuba wa jirgi kwal, Sheshi sunansa, mutumin kirki amma murya gare shi kamar ta kan jirgi, ya nuna da sandarsa yana yaba gwaninta, wai har ɗakin awakin da ya rushe ba a manta ba, yana tambaya gidan wa ke nan mai zaure kamar na hakimi. Wani ya ce awaki ba sa alwala, ga buta can ga sanda. Daga nan ban ƙara jin dariya ba. Malam Barau yana tsaye a wurin da sabuwar rigarsa. Ƙarar takalminsa kawai na ji ya fita.

Washegari Lauratu ta aiko mini da faifaina da kwanon da ya shekara a wajenta, a wanke tas, ba ko saƙo. Na je ƙofar gidan, aka ce maigidan ya ce kada in ƙara taka masa zaure. Na yi mata magana ta kan katanga, ina jin motsinta, ta yi shiru. Da mako ya zagayo na hange ta da sabon kitso, hannun wata ce daga Ƙetaren Gwari, duk ya karkace, kuma ni na san wannan kan ba ya son a ja shi ta ƙeya. Na koma ɗaki na yi kuka. Sauran matan kuwa, wadda ta kira ni ma, ina shiga sai ta saki asabari, ta rufe tukunya, a kafa mini kujera a bakin zaure kamar mai tallan gishiri. Har an fara cewa in na kalli ɗakinka da safe, da yamma yana kan tebur. Su duk zan iya jurewa. Lauratu ce ba zan iya ba. Kewarta nake ji kamar ciwo.

Na ce wa maigida bari in ɗauki taɓarya in farfasa unguwar nan kowa ya huta. Ya ce sam. Ya ce shi bai yi wa kowa ƙage ba, ɗakin a rushe yake, in Barau ya ji kunya ya je ya gyara ɗakin gwaggonsa, ba a ce shi ya rushe garinsa ba. Ya ce ko gyara jinkar lakar ba za a yi ba muddin ta gasken tana nan yadda take, don ranar da aka fara ƙarya a kan teburin nan ranar ya tashi daga Minna ya koma wasan yara. Kuma in na duba sai in ga kamar yana da gaskiya. In na sake dubawa sai in ga gaskiyarsa ba ta dawo mini da ƙawata ba. Ita Gwaggon ba ta san ma abin da ake ciki ba, baiwar Allah. Jiya ta jiyo muryata ta kira ni ta kan katanga, wai in ina da tsohuwar garwa in ba ta ta tari yoyo, don ta ji iskar hadari.

To Malam, ga abin da ke cin raina, kai da ka yi karatu ka ga duniya. Su Turawan da suka ƙago abin nan, ba sa gina gidajen maƙwabtansu ne? In suna ginawa, yaya suke ƙarewa da su? Kuma gidan laka da bai fi faifai ba, wanda ko ƙadangare ba zai kwana ciki ba, gidan mutum ne har a ce an shigar masa da maza? In na fasa na ci amanar maigida da aikinmu, in na bari na rasa Lauratu. Wanne zan ɗauka? Tun da na riga na ɓata takarda, ka ƙara gaya mana abin da ke sa jirgin faɗuwa kullum a kwanar layin Baro, da abin da za mu yi kogin Canchaga da shi tun da ruwa jiƙa laka yake yi, da maganin gara, don ta fara cin gadar.

Ni ce taka mai neman mafita,
Mai Kitson Bakin Dogo, Minna.

AMSA

Malama mai kitso, na amsa gaisuwa, kuma hannunki ya faɗa, kada ki ƙara ba shi haƙuri. Sau biyu na karanta takardarki. Karon farko na yi dariya har masu ɗab'i suka leƙo, karo na biyu ban yi ba.

Kafin komai, ki sani sunayen da kika gani a sama ba su kika rubuto ba. Kin aiko mini da sunan ƙawarki na gaskiya, da na mijinta, da sunan unguwa, har da gida na nawa ne daga masallaci, a takardar da za a karanta daga nan har Sakkwato. Ni na sauya su, na bar Ɗanladi kawai don shi ba ya jin kunya. Ban faɗi wannan don in kunyata ki ba. Na faɗa ne don ki ga halin naki da kyau: Allah ya ba ki ido mai ɗauka da hannu mai ajiyewa, amma tsakaninsu ba mai gadi. Baiwa ce babba, sai dai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Tambayarki a kan Turawa ta sa ni tunani, don na taɓa ganin irin wannan tebur a gidan wani Bature a Zariya lokacin ina akawu. Suna gina gidaje, har da na garinsu. Amma gidan Bature rufi ɗaya ne ya lulluɓe shi duka, da madafa da makwanci da wurin wanka. In ka leƙo shi ta sama, rufi za ka gani da bututun hayaƙi, shi ke nan. Mu kuwa rabin gidanmu tsakar gida ne, sama ce rufinsa. Katanga ce suturarmu, ita kuma katanga don mai tafiya a ƙasa aka gina ta, ba wanda ya gina ta da tunanin za a leƙo ta sama sai shaho. Kun karɓi wasan mutanen da asirinsu ke ƙarƙashin rufi, kun yi shi da gidajen da asirinsu ke bayan bango, kuka ɗora a tebur iya gwiwa, kuka tara maza a kai. Amsar ɗaya tambayar kuwa, i, gidan mutum ne. Daga lokacin da za a iya ƙirgawa daga masallaci a ce na wane ne, ya tashi daga laka.

Yanzu a raba laifi. Na yarda ba ki yi da mugunta ba. Amma ki koma takardarki ki nemo gwafar nan da ta tokare bangon madafarku. Kin ce ba ki sa ta ba don za ta ɓata fasali. Ashe hannun ya iya rufa asiri, naku ya rufa wa. Shi ma maigidan, mai cewa ba ƙari ba ragi, kullum yana wuce gwafar nan, ya ga babu ita a tebur, bai ce jirgi zai faɗi ba. Ki nuna masa wannan cikin ladabi. Ina girmama son gaskiyarsa, da irinsa ake samun gada mai ɗaukar jirgi, amma gaskiyar da ta tsallake madafarka ta sauka a ɗakin maƙwabcinka da sauranta. Malam Barau kuwa, barin wadda ta raine shi a wannan ɗaki abin kunya ne, ba zan shafa masa mai ba. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba mu san abin da fataucin Kagara ya yi masa ba, kuma ban taɓa ganin mutumin da aka tozarta ran Sallah a gaban tsaransa ya tashi da safe ya gyaru ba. Taurin kai yake ƙarawa. Ita Lauratu ba lakar ce ta yi mata ciwo ba. Abin da ta faɗa kanta a kan cinyarki shi ta ji a bakin maza, kuma yanzu ita ake tuhuma a gida da sakin baki.

Ki ajiye taɓarya. Fasa unguwar ba zai mai da abin da ido ya riga ya gani ba, sai dai ya ƙara miki rashi na biyu. Ga abin da nake gani.

Maigida ne zai fara, don shi ya tara mutanen. Ya sami Malam Barau shi kaɗai, ba a majalisa ba, ya ce ya shigar masa da maza gida ba da izini ba, ya yi kuskure. Kada ya ambaci ɗaki, kada ya ambaci awo. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. In ƙofa ta buɗe, ke kuma ki ɓamɓare gidan nan daga tebur, ki sa a ƙwarya ki rufe da faifan nan da ta maido, ki kai mata da ƙafarki. Kada ki fara da cewa ba ki yi nufi ba, ta san wannan, kuma shi ya fi ba ta haushi. Ki ce ta ba ki amana kin fitar. Ki miƙa mata gidanta, in ta so ta fasa, in ta so ta ajiye. Ba zan yi miki alkawarin za ta sake kwantar da kai a cinyarki a makon nan ba. Amma wadda ta tsaya ta wanke kwano tas kafin ta maido, ina zaton ba ta gama da ke ba.

Shi kuma teburin, a ƙara masa ƙafafu ya kai ƙirjin mutum, a tura shi jikin bango. Dogo da tasha su zo gaba, unguwa ta koma baya, dutsen Paida a bayanta. Sa'an nan ku tsai da Ɗanladi a kan hanya, ki sunkuya ki sa idonki daidai kansa. Abin da Ɗanladi ya gani shi za ku gina: katanga, zaure, kan jinka, reshen gwanda da ya leƙo. Abin da bai gani ba ba naku ba ne, a cike bayan katangun da ganyen bishiya. Wannan ba ƙarya ba ce, ita ce Minnar da fasinja ke gani ta tagar jirgi, kuma ita ce wadda maigida ya sani. Tasha da kasuwa da kanti da masallaci na kowa ne, ku yi musu ƙaƙale yadda kuka ga dama. In hannunki yana ƙaiƙayin randa da turmi, to ki gina wa Ɗanladi gida nasa a gefen gari, ki zuba masa duk abin da kike so, ki karya masa jinka ma in kin ga dama. Bayan an yi haka, ki kira matan unguwa wata rana ba namiji ko ɗaya, su zo su ga bayan katangunsu ba komai sai ganye. Asabarin zai ɗagu da kansa.

Ƙananan tambayoyinki: kwanar Baro ta yi tsini ne, a buɗa ta, a ɗan ɗaga dogon waje da fallen kwali, kuma a rage murɗa makulli. Kogi a shafa shuni a katako a ɗora fasasshen gilashi, a rufe bakinsa da yashi. Gara kuma, a tsoma ƙafafun tebur cikin gwangwanaye da baƙin mai, maigida ya san inda ake samunsa a Loko. Ni ma ina da tambaya, yaya kike rarake ƙwallon magarya bai fashe ba? Na gwada jiya na soke yatsa.

Saura magana ɗaya, ita ce babba, kuma a layi biyu kika wuce ta. Kin ba ni labarin kunyar Barau, da fushin Lauratu, da gaskiyar maigida, da kukanki. Duk kuna ta jayayya a kan ɗakin laka, a gyara shi ko a bar shi. Ɗaki biyu ne suka rushe, Malama, kuma a ɗaya ne kawai mutum yake kwana. Tsohuwar da ba ta gani sosai ta ji iskar hadari, ta rasa wanda za ta roƙa sai ke, abin da ta roƙa kuma garwa ce.

Kuna da kafinta a gida, yana zaune yana yi wa tsinken ashana gada. Ya ce ba za a gyara ƙaramar jinka ba sai an gyara babba. Madalla, na kama shi da bakinsa, ya ɗauki zarto. Amma kada ya je da sunan taimako, Barau ba zai karɓi sadaka daga mutumin da ya kunyata shi ba. Ya je da sunan mai laifi: ya roƙa a bar shi ya biya tarar abin da ya yi da ƙarfinsa, Barau ya kawo gwangwala da shuci, shi kuma ya hau ya ɗaura, a bayan katanga inda ba mai gani. Ta haka Barau ne mai yafewa, ba mai karɓa ba, kuma mutum ya fi saurin buɗe ƙofa in shi ne babba.

Garwar ki miƙa mata yau ta kan katanga, kada ki jira a shirya. Jinkar kuma a ɗaura ta kafin garwar ta cika.

Allah ya daidaita tsakaninki da aminiyarki, ya rufa mana asiri baki ɗaya, ya sa Gwaggo ta yi daminar bana a bushe. Ki gai da maigida, ki gai da Ɗanladi.

Naku,
Malam Sanda.